Din da Ofishinsa: Ma'anar Wasu Kalmomin Mulkin Coci ga Mai Jin Hausa a Ƙasar Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun kalmar "din" da sauran kalmomin da ke rataye da ita a tsarin mulkin coci, tun daga tushenta a Latin har zuwa yadda ake jin ta a Dutsin-Ma da kewaye. Ta nuna cewa suna ɗaya ne ya lulluɓe ayyuka daban-daban, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake matakin naɗin limanci. Amana ce da ake ɗora wa mutum a tsakanin tsararrakinsa. A kan haka maƙalar ta kawo shawarar yadda ya dace a kira kowane aiki da Hausa.

Gabatarwa



A Dutsin-Ma, in ka ce "din", ɗalibi zai nuna maka ofishin shugaban tsangaya a Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. In ka ce "furobos", sai a kwatanta maka hanyar Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Kaɗan ne suka san cewa daga coci makarantu suka ari sunayen nan biyu. Tsofaffin jami'o'in Turai a inuwar coci suka tashi. Ta Paris ma daga makarantun da ke kewaye da majami'ar Notre-Dame ta tsiro, ta taho da sunayen muƙamai irin na malaman coci. Mu a nan mun daɗe da samar wa na jami'a Hausarsa, muna cewa shugaban tsangaya, kowa kuma ya gane. Coci kuwa, mai ainihin kayan, har yau da bakin aro take kiran nata.

Abin da ya sa batun ya taso yanzu shi ne, a watan Oktoba na 2023 Fafaroma Francis ya yanko dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na farko, aka keɓe shi a Disambar shekarar. Ɗarikar Angilika ta riga ta kafa nata dayosis a Katsina tun 1990. A ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Matazu akwai Kiristocin da ba su da wani harshe sai Hausa, da ita suke addu'a, da ita ake karanta musu sanarwa ranar Lahadi. Duk wanda aka ɗora wa shugaba yana da haƙƙin ya san iyakar ikon shugaban nan da harshen da ya sha a nono. Haka ma ɗan jarida Musulmi da zai ba da labarin coci a rediyo yana bukatar kalmar da ba za ta ɓatar da mai sauraro ba.

Mai Goma

Tushen kalmar shi ne decanus na Latin, daga decem, wato goma. Marubucin harkar soja Vegetius, wanda ya rayu wajen ƙarshen ƙarni na 4, ya ambaci decanus a matsayin shugaban sojoji goma masu kwana a tanti guda. Shi ne ƙaramin shugaba a rundunar, abin da yaransa suka ci shi yake ci. Da Jerome ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, kalmar ya ɗauka a Fitowa sura 18, inda surukin Annabi Musa ya ga shari'ar jama'a tana neman kayar da shi, ya shawarce shi da ya naɗa shugabanni a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma, don ƙananan ƙararraki su ƙare a ƙasa.

Wanda ya shigar da ita cikin tsarin coci sosai shi ne Benedict, a dokokin zaman sufaye da ya rubuta a Monte Cassino ta Italiya a ƙarni na 6. A babi na 21 ya tsara cewa in jama'ar gidan ta yi yawa a zaɓi masu kula da goma goma, kuma a zaɓe su bisa kyawun hali da ilimi, ba bisa wanda ya riga wani shigowa ba. Wanda girman kai ya kama, a yi masa gargaɗi har sau uku, in bai gyara ba a sauke shi. A babi na 65 ya yi magana a kan praepositus, wato wanda aka sa a gaba, kakan kalmar "furobos". Benedict bai saki jiki da wannan muƙami ba. Ya ga yadda mataimaki guda ke ɗaukar kansa kamar shugaba na biyu, gida ya rabu, saboda haka ya fi son a rarraba aikin a hannun masu goma goma. A ganina a nan ma'anar kalmar take kwance: din mutum ne da aka ɗora wa kula da 'yan'uwansa kaɗan, yana cikinsu, wanda ya naɗa shi kuma yana iya sauke shi. Lissafin goma ya ɓace da daɗewa, amma wannan hali bai ɓace ba.

Din na wajen birni

Din ɗin da Bakatoliken ƙauye zai fi haɗuwa da shi shi ne wanda dokar coci ta kira vicarius foraneus, ma'ana wakilin bishop a waje, wato wajen birnin da bishop yake zaune. Muƙamin tsoho ne, amma ya sami sabon ƙarfi bayan Taron Trent na 1545 zuwa 1563, musamman a hannun Charles Borromeo, Akbishop na Milan, wanda ya rarraba ƙasarsa ya sa mai ido a kowane yanki. Kundin dokar da Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1983 ya ba bishop dama, a doka ta 374, ya haɗa farish-farish masu maƙwabtaka su zama rukuni guda. Farish shi ne yankin da Fada ɗaya yake riƙe da shi, da babbar cocinsa da ƙananan da ke ƙauyuka. Dokoki na 553 zuwa 555 su suka fayyace aikin mai kula da rukunin, kuma sun yarda a kira shi din, ko babban firist, ko wani sunan da wurin ya saba da shi. Ya kamata a riƙe wannan: dokar da kanta ta buɗe ƙofar a sa masa suna na gida.

Bishop ne ke naɗa shi, bayan ya ji ta bakin Fadan da ke aiki a yankin in ya ga dacewar haka. Naɗin na wa'adi ne. Ba a ɗaure shi da wata farish ba, saboda haka ba lalle mai riƙe da coci mafi girma ya zama din ba, kuma bishop na iya sauke shi in da dalili. Yawanci yana nan yana riƙe da tasa farish kamar kowa, yana yi wa jarirai baftisma, yana binne matattu.

Aikin nasa ya kasu tsakanin mutane da kaya. Ta wajen mutane, shi ke haɗa kan Fadan yanki su yi aiki tare, ya tabbata suna zuwa tarurrukan ƙarin ilimi, ya sa ido a kan zamansu, ya matsa kusa da wanda ya shiga matsala. In bishop zai naɗa sabon mai farish, doka ta 524 ta ce ya ji ra'ayin din tukuna. In an kira babban taron dayosis, yana cikin waɗanda dole a gayyata. Ta wajen kaya kuwa, shi ke zagayawa ya duba tsabtar majami'u da kayan ibada, da yadda ake sarrafa dukiyar coci, da lafiyar gidan Fada, da littattafan rajista.

Bari in tsaya a kan rajistar nan, domin a nan ake ganin nauyin ofishin da ido. Din ya iso farish, an gaisa, an sha ruwa. Sai a buɗe kabad a fito da littafin baftisma, dogo mai bango mai tauri. Yana bin layi da yatsa: sunan yaro, sunan uwa da uba, ranar haihuwa, ranar baftisma, sunan wanda ya tsaya masa, sa hannun Fada. Daga nan ya duba gefen shafi, domin doka ta 535 ta ce a nan za a riƙa ƙara abin da ya biyo baya a rayuwar mutum, ko tabbatarwa, ko aure, ko shiga limanci. Zai duba ko katikis ɗin ƙauye ya kawo sunayen da aka rubuta a ƙaramin littafi an shigar da su, ko gara ta fara cin gindin littafin, ko ɗigar damina ta narkar da tawada, ko hatimin farish yana inda ya kamata. Yarinyar da aka yi wa baftisma a wani ƙauyen Kafur, in ta girma za ta yi aure a Kaduna, daga wannan layi za a cire mata takardar shaida. In layin ya ɓace, sai an nemo masu shaida kafin a ɗaura aure, kuma wataƙila waɗanda suka gani da ido sun riga mu gidan gaskiya.

Sakin layi na uku na doka ta 555 ya fi kowane taɓa zuciyata. Ya ɗora wa din cewa in mai farish ya kwanta ciwo mai tsanani kada ya rasa taimako na jiki da na ruhu, in ya rasu a yi masa jana'iza ta mutunci, kuma a lokacin ciwon ko rasuwar kada littattafai da takardu da kayan ibada su salwanta ko a kwashe su. Mai karatu a wata ƙasa zai ɗauka maganar tsoho ce da ya mutu a kan gadonsa. A ƙasarmu ba haka kawai ba ne. A watan Mayu na 2021 'yan bindiga suka afka wa cocin St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da Fada Joe Keke. A Mayun 2022 aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara a Gidan Maikambo ta ƙaramar hukumar Kafur. A lokacin kujerar bishop tana Sakkwato, tafiyar sa'o'i masu yawa. A irin wannan safiya dole a sami wani na kusa da zai fara isa, ya tsaya da jama'ar da ta firgita, ya kulle abin da ya kamata a kulle, ya sanar da na sama. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari, Musulminsu da Kiristansu, ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da rashin tsaron hanya ke yi wa ziyara. Ofishin da aka gina a kan zagaye da dubawa ya fi kowane jin wannan a jikinsa, kuma a irin wannan hali ne aka fi bukatarsa.

Sauran masu sunan

Akwai din na babbar majami'a, wato cocin da kujerar bishop take. A tsarin Ingila shi ne shugaban majalisar malaman majami'ar, waɗanda ake kira kanon, shi ke tafiyar da ibada da gini da ma'aikata, bishop kuma yana da kujerarsa a ciki. Har a wurin zaman mawaƙa an bar alamarsa, ɓangaren da yake zaune ana ce masa decani, ɗaya ɓangaren cantoris. Wasu majami'un Ingila sun riƙa kiran shugabansu furobos har dokar 1999 ta mayar da su din gaba ɗaya. Angilikan Nijeriya sun riƙe tsohon sunan a wurare da dama, shi ya sa shugaban babbar majami'ar da ke Marina a Legas furobos ne. Aiki ɗaya, suna biyu.

Angilika ta Nijeriya, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1979, tana da wani din kuma daban, wato Akbishop da ke bin shugaban ɗarikar na ƙasa a daraja, yake tsaya masa in ba ya nan. Ali Buba Lamido, bishop na Wusasa, yana riƙe da wannan muƙami sa'ad da Henry Ndukuba ya karɓi shugabanci a 2020. Wanda ya ji "din" a labarin nan ya ɗauka mai kula da farish biyar ko shida ake nufi, ya yi nisa da gaskiya. A ƙasa kuwa, dayosis na Angilika an fi raba shi a hannun acidikin, wanda ake yi wa laƙabi da Benerabul, shi ke yin mafi yawan abin da din na Katolika yake yi.

Mafi shahara a duniya shi ne din na majalisar kadinal a Roma. Doka ta 352 ta bayyana cewa ba shi da ikon mulki a kan sauran kadinal, na gaba ne kawai a cikin tsara. Tun 2019 aka yanke masa wa'adin shekara biyar da ake iya sabuntawa. Giovanni Battista Re, wanda ya karɓi muƙamin a 2020, shi ya jagoranci jana'izar Fafaroma Francis ranar 26 ga Afrilu, 2025. Amma da yake ya kai shekara 91, ya wuce iyakar 80 ta masu zaɓe, bai shiga ɗakin zaɓen ba; Pietro Parolin ne ya shugabanci zaman da ya fitar da Leo na 14. A 2005 din ɗin ne da kansa aka zaɓa, wato Joseph Ratzinger, sai mataimakinsa Angelo Sodano ya yi masa tambayar ko ya karɓa.

Inda kunne ke ruɗewa

Babban ruɗanin shi ne tsakanin din da dikin. A kunne suna kusa, a asali ba su haɗa komai ba. Dikin daga Girkanci yake, diakonos, mai hidima, kuma a Katolika da Angilika mataki ne na naɗi, na farko a cikin uku: dikin, firist, bishop. Ana ɗora wa mutum hannu ya zama dikin. Ba a ɗora wa kowa hannu ya zama din, takarda ake ba shi. Ga kuma acidikin, wanda sunansa ke nuna babban dikin alhali firist ne cikakke.

Sai ruɗanin ɗariku. Yawancin Kiristocin karkarar Katsina ta hanyar mishan ɗin SIM bishara ta iso musu, wadda ta riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga tun shekarun 1930, kuma daga cikinta ECWA ta fito a 1954. ECWA ba ta da bishop, ba ta da din. Majalisu take da su hawa hawa, da fasto da dattawan ikkilisiya, kuma mutanenta sun daɗe suna ce wa babban yanki gunduma. Ɗan ECWA da ya ji Bakatolike yana cewa din zai nemi inda zai ajiye shi a tsarin da ya sani, ya rasa.

A tsallaken iyaka wata matsalar ce. Dayosis ɗin Maradi, da aka kafa a 2001, da Faransanci yake aikin ofis, inda kalmar ta zama doyen. A bakin mutanen Nijar doyen yana nufin wanda ya fi kowa shekaru ko daɗewa a wuri, abin da Benedict ya ce kada a duba. Bahaushen Jibiya da na Maradi harshensu ɗaya, amma kowa da abin da kalmar aro ta shuka masa a ka.

Sunan yankin ma yana da tasa. In mai Hausa ya furta kalmar Ingilishi ta rukunin farish-farish ɗin nan, "dinari" take fitowa, alhali dinari a Littafi Mai Tsarki na Hausa kuɗi ne, ladan yinin ma'aikaci. Kalmomin biyu dangi ne ta wajen goma, domin denarius na Romawa tsaba ce mai darajar ƙananan tsabobi goma. Amma dangantakar ba ta hana tsohuwa a coci ta ji an ce taron dinari ta zaci maganar baiko ake yi.

Wace Hausa ta dace

Abu na farko da zai zo wa Bakatsine a rai shi ne ya ce bishop kamar sarki ne, din kamar hakimi, Fada kamar dagaci. Misalin yana da daɗin ji, ga Yandaka a Dutsin-Ma, ga Maraɗi a Kurfi, kowa ya san matsayinsu a gaban Sarkin Katsina. Amma ina ƙin sa da gaske. Hakimi yana gaba da dagaci a sarauta, dagaci kan faɗi ya yi gaisuwa a gabansa, rawani kuma ba na wa'adi ba ne. Din ba ya gaba da sauran Fada a naɗi, ba ya naɗa su, ba ya tuɓe su, ba ya shiga farish ɗin wani ya yi hukunci. Yana gani, yana ba da shawara, yana kai rahoto, wa'adinsa ya cika ya koma sahu. In muka sa masa rigar hakimi, jama'a za su riƙa tsallake Fadansu suna kai ƙara gabansa, shi kuma kalmar za ta riƙa raɗa masa ikon da doka ba ta ba shi ba. Saboda wannan dalili nake ganin a bar wa ECWA da masarauta kalmar gunduma.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce wadda masu fassarar Littafi Mai Tsarki suka bi, tun daga aikin su Walter Miller da ya kai ga bugun 1932 har zuwa na 1979: in muƙami ya zo, a duba aikinsa a kira shi da shi, kamar yadda ake cewa mai kula da ikkilisiya da mai hidima. A kan haka, rukunin farish-farish ya zama shiyya, kalmar da kowa ya sani kuma ba ta ɗauke da rawani. Mai riƙe da shi ya zama wakilin bishop na shiyya, domin "wakili" ta faɗi gaskiyar lamarin, cewa ikon na wani ne aka ba shi riƙo. Din na babbar majami'a da furobos su haɗu a suna ɗaya, shugaban babbar majami'a, tunda aikinsu ɗaya. Na Angilika ta ƙasa a ce mataimakin shugaban ɗarika. Na Roma a ce jagoran majalisar kadinal. "Shugaba" ta yi masa nauyi, "dattijo" kuma za ta mayar da mu ga maganar shekaru.

Za a ce sunayen sun yi tsawo, mutane za su ci gaba da cewa din. Gaskiya ne, kuma a hira ba laifi, yadda ɗalibai ke cewa din alhali takarda ta ce shugaban tsangaya. Inda nake roƙon a tsaya a kan Hausa shi ne a rubuce: takardar naɗi da ake karantawa a gaban jama'a, littafin koyar da katikis, sanarwar Lahadi, da labaran rediyo. Aikin bai fi ƙarfin zama ɗaya ba tsakanin ofisoshin bishop-bishop biyu na Katsina, da shugabannin ECWA, da malaman Hausa na jami'o'inmu, a gayyato wani daga Maradi ya zauna tare da su. Dikin kaɗai nake ganin a bar shi yadda yake, domin ya riga ya zauna a bakin kowace ɗarika, kuma da zarar an daina rubuta din a gefensa babu sauran abin da zai rikita shi da shi.